Motata Ta Daina Kai Ni Wajen 'Yata

Anti, don Allah ki taimaka min da shawara, abin ya fi ƙarfin tunanina. Sau uku ina fara wannan wasiƙa ina gogewa, don in na karanta sai in ga kamar zancen mota nake yi, kin ce filinki ba garejin bakanike ba ne. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Aikina gwajin jini ne a wani asibiti. Shekara huɗu ke nan da muka rabu da matata. Ba faɗa, ba tonon silili, zama ne ya ƙare, kuma in za a raba laifi ba zan tashi da ƙaramin kaso ba. 'Ya ɗaya Allah ya ba mu, yanzu shekararta tara. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Mamana. Tana wajen uwarta, wadda ta yi aure a wani gari mai nisan kilomita ɗari da talatin daga inda nake. Mun yi yarjejeniya, Asabar ɗaya cikin biyu tawa ce, daga sha ɗaya na safe zuwa biyar na yamma.

Motata mai amfani da lantarki ce, mun saye ta tun Mamana tana goye. Uwarta ce ma ta zaɓi launin. Tana sabuwa, caji ɗaya yana kai ni kilomita ɗari uku da ashirin. Ko bayan rabuwarmu nakan je in dawo da caji ɗaya, har in kai yarinyar bakin wani tafki a wajen gari. Can muke yini. Ta watsa wa agwagi burodi, ta raɗa musu suna ɗaya bayan ɗaya, ta zauna a kan bonet tana ba ni labarin wadda ta tsokane ta a aji. A hanyar dawowa takan yi barci, kanta a jikin gilashi, baki a buɗe, ni kuwa in rage gudu don kada mu isa da wuri.

Ban san ranar da batirin ya fara gajiya ba. Sannu a hankali dai na ga lambar da ke kan allo tana raguwa. Yau ko na cika shi maƙil, da ƙyar ya nuna ɗari da casa'in, kuma wannan ma ba gaskiya yake faɗa ba, in aka hau tudu sai ka ga lamba tana zuba kamar an huda buhu. Bakanike ya jona na'urarsa ya ce kusan kashi arba'in na ƙarfinsa ya tafi, sai dai sabo. Da ya faɗi kuɗin, dariya na yi, na ce ko da motar zai haɗa min.

Wurin caji ɗaya ne a garin nasu, a harabar wani babban kanti, ana rufe shi ƙarfe shida, kuma kullum da layi. Sau biyu na zauna da Mamana a can, awa biyu cur a cikin zafi, tana kallon bango tana tambayata yaushe za mu tafi wajen agwagi. Na ga ba zan iya ba. Sai na koma mayar da ita gida ƙarfe uku in ce ana nemana a wurin aiki, ni kuma in lallaɓa in bi layi. Tafki kuwa rabonmu da shi wata bakwai. Yanzu sai dai mu zaga cikin gari a hankali, esi a kashe, idona ɗaya a kanta ɗaya a kan allo.

Ban gaya mata gaskiya ba. Tana son motar nan, Shiru-shiru take ce mata don ba ta da ƙara. Sannan mijin uwarta, wani mai kantin magani, sabuwa fil yake hawa, irin tawa amma ta bana. Na kasa buɗe baki in ce wa 'yata motar ubanta ta tsufa.

Watan jiya makarantarsu ta yi taron ba da kyauta, ta zo ta ɗaya a lissafi. Sati biyu tana tuna min a waya. Na nemi izini a wurin aiki, na goge kaya, na sayi agogon hannu mai ruwan hoda. Ranar aka tashi da ruwa da iska, iskar kuma ta gaba ce. Saura kilomita ashirin motar ta fara jan ƙafa, ta tsaya. Ina zaune a gefen titi ruwa na dukan gilashi har lokacin taron ya wuce. Da motar ja ta kai ni wurin caji, na kira Mamana na ce aiki ne ya riƙe ni. Sai ta ce, "Abba, in ba ka son zuwa ka riƙa faɗa min, na girma, ba zan yi kuka ba." Anti, da ma kukan ta yi.

Ashe mijin uwarta ya gan ni a bayan motar ja lokacin da suke komawa gida. Bai nuna wa yarinyar ba, bai gaya mata ba. Washegari ya turo min saƙo cikin mutunci. Ya ce akwai wurin caji a garejinsa, duk Asabar ɗin da na zo in jona tawa in ɗauki tasa mu fita da yarinyar, makulli na wajen mai gadi. Yau sati uku ban ba shi amsa ba.

Da wulakanci ya yi min da na san yadda zan yi da shi. Alherin ne ya ɗaure ni. Shekara huɗu ban taɓa wuce bakin get ɗin gidan nan ba. Daga waje ina hango labulen falo, irin wanda tsohuwar matata ta taɓa ratayawa a namu ne sak. Ba wai ina son ta dawo ba, ta samu natsuwa kuma ina yi mata murna. Amma wani lokaci in ina tuƙi ni kaɗai sai in waiga kujerar gefe, inda takan tuɓe takalmi ta naɗe ƙafa tana yi min gyaran tuƙi. Motar nan ita kaɗai ta rage da ta san mu mu uku. In na ajiye ta a garejin wani na ɗauki 'yata a motarsa, me ya rage nawa?

Gaba kura baya sayaki. Asabar mai zuwa tawa ce. Ina kewar 'yata ko tana zaune kusa da ni. Ya zan yi?

Uban da hanya ta yi wa nisa

*

Ɗan'uwana, sannu. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma ban ga zancen mota kaɗai a ciki ba.

Bari in fara da inda ya fi gaggawa. Batirin da ya rage ƙarfi bai cutar da Mamanka ba, ƙaryar ce ta cutar da ita. Yaro in ba a ba shi dalili ba, shi zai ƙirƙiro nasa, kuma kusan kullum kansa yake ɗora wa laifi. Ita yanzu lissafinta ya ba ta cewa aiki ya fi ta a wajenka. Ka kira ta kafin Asabar, kada ka jira. Ka ce mata ka taso ranar taron, ka gaya mata inda motar ta tsaya, ka ce kunya ce ta sa ka ɓoye, ka ba ta haƙuri. 'Yar shekara tara da ta zo ta ɗaya a lissafi za ta gane cewa ɗari da casa'in bai kai ɗari biyu da sittin na zuwa da dawowa ba. Ban taɓa jin yarinyar da ta rage son ubanta don motarsa ta tsufa ba.

Game da tayin mijin uwarta, ba zan ce maka abu ne mai sauƙi ba. Ciwon da kake ji na gaske ne, kuma ba laifi ba ne mutum ya yi kewar gidan da ya taɓa zama nasa. Amma ka duba ta ɗaya gefen. Mutumin nan ya gan ka a ranar da ka fi kowa rauni, ya rufa maka asiri a gaban 'yarka. Mai son ƙwace maka matsayi da nuna ka zai yi da yatsa. Shirun sati uku ya yi yawa a kan wanda ya yi maka haka. Ka amsa masa yau, ko da layi biyu ne na godiya.

Ba dole ne ka karɓi tayin duka ba. In ɗaukar motarsa ya yi maka nauyi, bar ta. Ka karɓi soket ɗin kawai. Ka taso da sassafe ka jona taka, ku taka da ƙafa ko ku hau ta haya ku yi awa biyu a cikin gari, ku dawo ku ɗauke ta ku wuce tafki. Ba sai ka shiga falo ba, gareji ya ishe ka. Ka kuma sanar da uwar yarinyar da bakinka, don in ranar ta ƙure ta yi maka sassaucin lokaci. Zumunta a ƙafa take, ba a ce sai a taya ba.

Ita kuma motar, na tambayi wani da ya san aikin. Ya ce kada ka tsaya kan maganar bakanike ɗaya, ka kai ta wajen masu gwada batir sashi-sashi, domin wani lokaci ɓangare ɗaya ko biyu ne suka lalace suke jan sauran, kuma ana iya canza su kaɗai. Ka binciko takardun saye ka ga ko garantin batirin bai ƙare ba. Ka rage barinsa yana kaiwa ƙasa ƙat, ka daina ajiye ta a rana in da inuwa, ka kula da iskar taya. Amma kada ka sake kashe wa yarinya esi a cikin zafi don tsimin kilomita biyar. In kuma gwaji ya nuna ba ta gyaruwa, ka fara shirin rabuwa da ita a tsanake, ka bar Mamanka ta taya ka zaɓen wadda za ta biyo baya.

Shekarun da za ta riƙa tsayawa a bakin get tana jiran ka ba su da yawa, ɗan'uwana. Nan da 'yan shekaru ƙawaye da jarrabawa za su cinye Asabar ɗinta, kai ne za ka koma roƙon awa ɗaya. Kada ka bari girman kai ya ci wanda ke hannunka yanzu.

Allah ya raya ta, ya yi mata albarka, ya sanyaya maka zuciya, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.