Likkafanin Turai

Abakpa, Kaduna
9 ga Mayu, 1956

Zuwa ga maigidana Balarabe,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina aikin jirgi a Zariya? Ragon miji, wata huɗu ko goro ba ka aiko wa kakarka ba.

To, an sace likkafanina. Ka san farin saƙin nan da na kaɗa zarensa da hannuna shekara biyu, na ajiye a ƙasan adaka don ranar tafiyata. Audu maƙwabcinmu ne ya ɗauke ran da na je suna Doka. Ran Juma'a sai ga shi da sabuwar riga, yana taƙama cikin kayan kabarina.

Na kai ƙara. Ko zama ban gyara ba alƙali ya ce farin ƙyalle duk ɗaya ne, ina shaiduna? Babu. Ya sallame shi. Yanzu Audu na yawo a Babbar Kasuwa yana cewa tsufa ya taɓa mini kai. Wallahi ban yafe ba. Na ɗaukaka ƙara gaban babban alƙali, ko da rarrafe zan je.

Taka,
Turai

Abakpa, Kaduna
2 ga Yuli, 1956

Maigida Balarabe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, gyara zama ka sha labari.

Sakaran ya zo kotu sanye da rigar, wai ya ba ni haushi. Na roƙi babban alƙali a zare zare ɗaya daga gefenta, a kira masaƙi ya duba. Kun sha yi mini dariya don ni bahaguwa ce. To, mazarin bahaguwa baya yake juyawa, murɗin zarena ba ya bin na kowa. Aka ba ni auduga da mazari, na kaɗa a gaban jama'a, masaƙi ya gwada, ya ce hannu ɗaya ne.

Sai na gaya wa Audu abin da ya kwana hamsin yana sawa. Bai jira a ce ya tuɓe ba. An ɗaure shi wata uku.

Rigar ba ta naɗuwa ga gawa, an yanke mata wuya. Na soma sabon kaɗi, mutuwa ta dakata mini shekara biyu. Rigar kuwa kowace Juma'a zan wanke ta, in shanya daidai ƙofarsa, hannuwa a buɗe, tana jiran mai ita.

Ka gai da mutanen gidanku. Ina nan ina jiran gorona.

Matarka ta fari,
Turai