Baffa Ya Daina Duba Allo Saboda Ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka ɓoye sunana, a Zongon Lome kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kunya ta hana ni sakat.

Kwamfuta na karanta, kuma ni na koya wa mutanen gidanmu tura kuɗi ta kirifto. Adireshin kirifto kun san shi, haruffa da lambobi sun fi talatin, ba kai ba gindi. Baffana malamin allo ne, yana da ɗa mai karatu a Masar, Sani. Duk ranar da zai tura masa, sai ya sa tabarau ya karanta adireshin da ƙarfi harafi harafi, ni ina bi a takarda, kamar yadda yake duba rubutun ɗalibansa. Abin ya ishe ni, har na ce masa Baffa wannan fa ba Alƙur'ani ba ne. 

Sai na haɗa 'yar manhaja mai nuna sunan mutum da harafi huɗu na farko da huɗu na ƙarshe, tsakiyar a ɓoye. Ina ta fankama da ita har wajen 'yan zemijan, wato masu acaɓa. Ashe wani ɓarawo ya jefo adireshi mai irin farkon da ƙarshen na Sani cikin tarihin wayar Baffa, ni kuma na kwafa na ajiye da sunan Sani. Baffa ya nemi ganin tsakiyar, na ce takwas ɗin nan sun isa. Ya karanta, suka yi daidai, kuɗin makarantar Sani suka tafi hannun ɓarawon.

Ba kuɗin ne ke ci na ba. Baffa ya ɗauka idonsa ne ya yi kure. Ya ce wanda ya kasa harafi takwas bai kamata ya gyara wa 'ya'yan mutane ayar Allah ba. Sati uku ke nan bai duba allo ba, zaurensa shiru. Jiya har haƙuri ya ba ni, wai ya ɓata min aiki, ni kuwa na sunkuyar da kai na ce ba komai.

Na duba na gano komai, ni kaɗai na sani. In je ni kaɗai ko in nemi limaminmu ya raka ni? Da wane baki zan ce masa idonsa lafiya lau, ni ne na hana shi karantawa?