Haruffa a Kan Ɗanyen Fenti

Lurwanu,

Na tafi Kano sayo wata sitika. Ban tashe ka ba don ko ganinka ba na son yi. Sau nawa zan gaya maka ba a manna haruffa a kan ɗanyen fenti? Jiya kana saurin zuwa kallon ƙwallo ka liƙa su haka nan. Da safe na tarar duk sun kumbura, rabi sun zame. Alhaji Sulle mai injin niƙa ya taso tun daga Kwanyawa ɗaukar allonsa, ya dube shi, ko gaisuwata bai amsa ba.

Ka ɓamɓare su tas kafin in dawo. Sunana ne a ƙasan allon nan, ba naka ba.

Yayanka Mika'ilu