Wadda Ta Kira Sunana Ba Ke Ba Ce, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna ta Kebbe,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda kika koya mini, gwiwa biyu a ƙasa, ina fata kin samu makwancinki da sanyi da yalwa. Na san wannan takarda ba za ta iske ki ba. Na kuma san da kina nan da kin ce na zubar da kunya, ina shanya maganar gida a gaban jama'a. Ki yi haƙuri. Maganar ta riga ni fita waje, kuma tsoro ne ya zaunar da ni rubutu.

Ni ce 'yarki ta fari, don haka har kika koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinki ba. In kina nemana, sai ki dubi bango ki ce, "Ku ce ma waccan ta taho." Da aka kawo ni aure Tambuwal, sai na koma "mutanen Tambuwal", kamar ni kaɗai ce garin. Ina yarinya abin yana ci mini rai, ina ganin ƙannena kan cinyarki ni kuwa sai ɗakin Goggo. Sai da na girma na iya karatunki.

Na tuna wankan jegon Mubarak, da aka mayar da ni gida. Ranar da naƙuda ta yi tsanani ba ki leƙo ɗakin ba. Kin zauna a gindin turmi kin ba ƙofa baya, kina tsince wake. Goggo ta ce waken ya daɗe da rabuwa da tsakuwa, amma kina ta juya shi a faifai. Da yaro ya yi kuka sai kika tashi kika hura wutar ruwan zafi.

Na tuna ɗan kabu-kabun da kike aikowa ranar kasuwa, da ƙullin daddawa da busasshen kifi da man shanu a bayan mashin. Saƙon kullum ɗaya ne: "A ba yara, nasu na." Alhali duk gidan ni kaɗai ke son daddawar kalwa, yaran tsince ta suke daga miya. Kin sha cewa, "Abin da ad da tsada ba a shanya shi bakin hanya." Ban taɓa tambayar ki da wa kike ba.

To Inna, ga abin da ya faru. Mubarak, angonki da kike tsokana da cewa bai iya cefane ba, yanzu ya zama saurayi. In ya taso makaranta yana zama rumfar masu gyaran waya a kasuwa, kuma kansa na ja. A Sallar farko da muka yi babu ke, ya tarar da ni ina kuka a madafi. Ya juya ya fita. Yaron yana da tausayi, kada ki ɗauka mugunta ce ta sa shi.

Ya samo hotonki na katin zaɓe, wanda kika kawar da kai gefe don ba kya son a ɗauke ki. Ya tattara saƙonnin muryar da kike aiko mana ta wayar ƙanina. Ya zuba su cikin wata manhaja, ya rubuta mata abin da yake so ki faɗa. Bayan la'asar ina shara ya zo yana murmushi, ya ce ya yi mini tsarabar Sallah, ya miƙo wayar.

Sai ga fuskarki tana motsi. Kin ɗago kai kin dube ni tsakar ido, abin da ba ki taɓa yi ba. Kin yi dariya har haƙora, kin kira sunana na yanka, kin ce kina sona kina alfahari da ni. Muryar taki ce, har da 'yar dusashewar nan ta safiya, amma Hausar ta masu karanta labarai a rediyo ce. Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Na zauna a ƙasa ina a'uziyya.

Ba zan yi miki ƙarya ba, rabin zuciyata ya so a sake kunnawa. Wa zai ƙi jin uwarsa ta kira shi? Amma ɗaya rabin ya ji kamar an tuɓe miki mayafi a tsakiyar kasuwa. Kunyar da kika riƙe tun daga haihuwata har likkafani, yaro ya kwance ta da yatsa ɗaya kafin shayi ya huce.

Na yi faɗa, na yi kuka. Mubarak ya tsaya yana kallona kamar na zautu. A ganinsa ya gyara abin da ya lalace ne: kakarsa ta mutu ba ta faɗa wa uwarsa magana mai daɗi ba, shi ya faɗar da ita. Na rasa ta inda zan fara yi masa bayani. Ni ce fa da bokona na fara karya al'adar, nake kiran sunansa gatsal alhali shi ne na fari, kina harara ta ina dariya. Ni na cire tubali ɗaya, shi ya zo bai ma san an taɓa yin katanga a wurin ba.

Kafin in ce a goge, ya riga ya tura zauren dangi na waya. Matasanmu na ta sa alamar hannun addu'a da ta fuskar kuka suna cewa ya burge. Goggo kuwa aka nuna mata a Kebbe, ta ture wayar ta ce a bar matattu su huta. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Yau yaro na zaune kan tabarma yana tayar da muryar mamaci, babba na gefe bai san ma me ake ciki ba.

Duk wannan da sauƙi, Inna. Abin da ya hana ni sukuni Ummi ce, takwararki, autata da kika bari tana koyon harhaɗa magana. Ba ta riƙe ki sosai ba, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Tana ganin bidiyon ta maƙale. Da ta tashi da safe sai ta je ta gaishe da "Inna" a wayar yayanta. Shi kuma don ta daina rigima ya ƙara yi mata wasu: ga ki kina yi mata tatsuniya, ga ki kina ce mata ta cinye tuwonta. Ta fi jin maganar wannan Innar fiye da tawa.

Ran nan muka idar da salla na ce ta ɗaga hannu ta ce Allah ya jiƙan Inna. Ta ƙi. Ta ce ai ba ki mutu ba, kina wayar Yaya, caji ne kawai ke ƙare miki. Na daure na ce ta tuna Innar Kebbe mai ba ta gyaɗa. Sai ta ce ta tuna, amma ta fi son ta waya, don ita tana son Mama. Ta Kebbe ba ta son Mama, ko sunanta ba ta sani ba.

Wallahi Inna, mutuwarki ba ta girgiza ni kamar wannan magana ba. Mu mun san tsoro na daji, kunya na gida. Yanzu tsoron ya shigo mini har tsakar ɗaki, kunyar kuma yarana ba su san kamanninta ba, in sun gan ta sai su ce ƙiyayya ce. Ina jin tsoron ranar da ni da Goggo za mu kau, a bar jikokinki da wata mata mai fuskarki da ba ta taɓa tsince wake ba. Su nuna wa 'ya'yansu ita su ce ga kakarmu. Ta fi ki fara'a, ta fi ki magana, kuma ba ta mutuwa. Da me za ki yi takara da ita?

Ina malamar firamare, yaran mutane na gabana kullum, amma na kasa koya wa tawa cewa akwai son da ba ya magana. In na kawo labarin faifai da mashin, labari ne kawai. Waccan kuwa tana motsi tana kiran suna.

Jiya da hantsi na zaunar da Mubarak, ban yi faɗa ba. Na ba shi labarin ranar da aka haife shi. Ban san ko ya gane ba, ko dai ya ga uwarsa na wahala ne ya tausaya, amma ya goge duka a gabana. Ya ce in sani fa, na wayoyin mutane ba ya da iko da su, kuma duk wanda ya so zai iya yin wani. Na san gaskiya ya faɗa.

Da Ummi ta zo gaisuwa ta tarar babu, ta yi birgima a ƙasa, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka ɗauke ki. Na ɗora ta a cinya. Na buɗe gwangwanin daddawarki ta ƙarshe, wadda nake tsakura kamar magani, na sa ta shaƙa. Na ce wannan Inna ce ta aiko, kuma ba don yara ta aiko ba. Ta yamutsa fuska ta ce wari. Da kuka ya lafa, ita da kanta ta ɗaga hannuwa ta ce Allah ya jiƙan Inna.

Ban san wacce take nufi ba, ke ko ta wayar. Na ji tsoron in tambaya. Na dai ce amin da ƙarfi, na roƙi Allah Ya kai ladan inda ya dace, Shi da ba Ya ruɗewa da kama.

Allah Ya gafarta miki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna a kan kowane ƙulli da kika ɗaure a bayan mashin. Ya tsare mana hankalin yaranmu daga abin da hannuwansu suka iya amma zukatansu ba su kai ba. Ya ba ni tsawon kwanan da zan sanar da takwararki ko ke wace ce. In mun haɗu, kada ki canza komai saboda ni. Ki dubi bango ki ce a ce wa waccan ta taho, zan gane ki.

Taki har abada,
Mutanen Tambuwal.