Ƙararrawa a Gidan Makoki

Zuwa ga Khairiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Murja da duk mutanen gida a Birnin Kudu. Ya jikin Inna? Ni lafiyata ƙalau, sai dai kunya da ta hana ni cin abinci.

Kin tuna cika bakin da na yi da za a turo mu Ostiriya koyon kiwon zamani, wai jikan masu shanu a Dingaya ba abin da Bature zai nuna masa. To, baki shi ke yanka wuya.

A ƙauyen nan, kan dutse shanu suke cin ciyawar shekara. Idan kaka ta yi sai a sauko da su, a rataya musu manyan ƙararrawa, a ɗaura musu furanni a ƙaho, gari duka ya fito bakin hanya. Maigidana, wani dattijo mai suna Alois, ciwon gwiwa ya hana shi hawa, sai ya tura ni da wani ɗan ƙwadago, shi ma baƙo, mu koro nasa. A bukkar can sama na tarar da ƙararrawar shanun dattijon a rataye duk ƙura, ga na maƙwabta sai ƙyalli suke. Na ce a raina tsufa ne ya sa ya manta, kuma ba zan ci abincin mutum in bari ya ji kunya a gaban garinsu ba. Na goge su tas, na rataya wa kowace saniya, babbar kuma na ba wadda take jan gaba.

Khairiyya, har da taƙama na shigo gari, sanda a kafaɗa. Sai na ga masu tafi suna sauke hannu. Dattijon ya taso yana ɗingishi, hawaye har gemu, ya kwance ƙararrawar ɗaya bayan ɗaya, bai yarda na taya shi ba. 'Yarsa ce ta gaya mini daga baya cewa gidan da aka yi rashi a shekarar, shanunsa shiru suke saukowa. Mahaifiyarta ta rasu kafin in zo. Wato kalangu na kai gidan makoki.

Tun ranar bai ce mini uffan ba, mutumin da ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa. Ki aika wa Baba a Dingaya, ki tambayo mini yadda zan yi. Don Allah kada ƙawayenki su ji.

Naki,
Musaddiq

Zuwa ga Khairiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna, ki shafa mini kan Murja. Saƙonki ya iso, na kuma hango dariyar da kika ɓoye a cikinsa.

Na bi maganar Baba, da ya ce in bar zancen ban haƙuri tukuna, ta'aziyya ce ban yi ba. Na sa farar rigata ta Juma'a, na cire takalmi a ƙofar ɗakin dattijon, na zauna a ƙasa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya jawo kujera kusa da ni. Da guntun Jamusancina na yi masa gaisuwar rashi.

Ashe ba surutun gari ne ya sa shi kuka ba. Ya ce babbar ƙararrawar ta matarsa ce, ita take koro shanun kowace kaka, kuma ko cikin ɗari yana gane amonta. Da ya jiyo ta daga nesa sai ya manta matar ta rasu. Ya miƙe, ya gyara hularsa, yana ta leƙen bayan garken. Sai ya gan ni.

Ya ce ya yafe, har ya zuba mini shayi da hannunsa. Wallahi da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Yanzu ko wucewa na yi ta inda aka rataye ƙararrawar, sai in sunkuyar da kai.

Ki ce wa Baba na gode. Ki kula mini da kanki, Khairiyya. Kullum ina rubuta miki haka, amma sai yau na san abin da nake roƙo.

Mijinki,
Musaddiq