Hancin Baba a Hoton Bajamushe

Woodbridge, daren Laraba

Barci ya ƙi zuwa.

Jikata Hauwa ta bugo waya bayan isha'i tana dariya. "Maigida, ashe Bature na aura ban sani ba!" Yawun nan da ta sa na tofa a 'yar kwalba, wai gwajin asali, sakamakonsa ne ya fito. Kakana na wajen uba Bajamushe ne. Wata tsohuwa a Pennsylvania har ta turo mata hoton ɗan'uwan kakanta, wanda ya zauna garinmu Garwa zamanin mulkin Jamus a Kamaru. Na sa tabarau na duba. Innalillahi! Hancin Baba ne sak, har yadda yake ɗaga gira ɗaya.

Mu kuwa Kaka cewa ta yi mijinta Sharifi ne, jinin Annabi, bafatake, ya rasu ya bar ta da ciki. A kan maganarta ake kirana Sharif. Ana kawo mini jarirai in yi musu addu'a, kuma in ban da su, wa ke ƙwanƙwasa ƙofar nan?

Jibi Malam Sani zai zo ya kai ni masallacin Juma'a. Tun daga waje zai ce, "Sharif, an shirya?" Ya Allah, da wane baki zan amsa masa?