Injin Moton Alkasum

Litinin, 7 ga Oktoba

Yau na yaye tamfol daga kan motar, karon farko tun rasuwar ƙanena Alkasum. Tana nan yadda muka bar ta a zaure: ƙarafan da na yi wa walda, kujera biyu, gurbin inji fayau. Shi ya zana ta, 'yar ƙarama mai gudu. Ni wuta da ƙarfe ne nawa.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Alhaji Mahamud, Bakanon da ke sayar da tsofaffin injina a kasuwar Dole, ya nuna mini na Fijo. Mu huɗu muka kasa ɗaga shi. Da Alkasum na nan da ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Yaya, motar tsere muke yi ko ta ɗaukar gero zuwa garin Dogo?" Kullum haka, yaron nan bai san girman na gaba ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na Starlet ya fi sauƙi, amma da giyarsa da komai sai na yanke bayan motar. Ba zan yanke abin da ya zana ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na san injin da ya dace, ban son rubutawa ne. Na babban motonsa, wato babur ɗin da yake hawa. Mutum biyu sun isa su ɗauke shi, sarƙa kawai za a ja zuwa ƙafafun baya. Shi da kansa ya faɗa: "In na gaji da moton nan, injinsa na motarmu ne." A kansa ya faɗi a hanyar Tirmini. Moton ya lanƙwashe, shi ya tafi, injin kuwa ko ƙwarzane babu. Na tsane shi. Wallahi na tsane shi.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Alhaji ya ce a Kano za a yi rububin injin moton. Na ce ya aiko a ɗauka, in huta.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ya ce sai ya ji kukansa tukuna. Na kawo batir, na zuba mai, a tsakar gida. Bugu ɗaya ya tashi. Ban yi tunanin Inna ba, Allah ya sani. Sai ga ta ta fito daga ɗaki ba ɗankwali, ba takalmi, tana duban ƙofar gida: "Auta ne?" Na kashe da sauri. Alhaji ya sunkuyar da kai, ya yi sallama ya fita.

Ta daɗe a tsaye. Na ce, "Ki gafarce ni, Inna, gobe zai bar gidan nan."

Ta zauna a kan turmi, ta ce, "Sake tada shi in ji."

Na tada. Ita tana kuka, ni ina kuka, maƙwabta na leƙe ta katanga.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Ban iya cin komai ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na ce wa Alhaji ya dakata tukuna. Ban ce na fasa ba. Da safe na ɗora injin a gurbin, don in gani kawai. Ya zauna daram, kamar an auna, kuma na san wanda ya auna. Na ɗan ɗiga walda a ƙafafunsa don kada ya zame.

Inna ta leƙo zaure da la'asar, ta tambaya ko kujerar nan ta biyu za ta ɗauki tsohuwa. Na ce sai na sassauto da ita kaɗan.